Luke O'Connor: Marayan da Ya Ɗauki Tuta a Alma, Ya Mutu Yana Janar

A shekarun 1850, muƙamin hafsa a sojan ƙasa na Birtaniya kayan sayarwa ne, har da farashinsa a rubuce. Matakin farko, na ƙaramin hafsa mai riƙon tuta, fam 450 ne. Kyaftin fam 1,800. Wanda ke son riƙe bataliya sukutum a matsayin laftanar-kanar sai ya tanadi fam 4,500, kuma wannan farashin gwamnati ne kawai, ban da abin da ake miƙa wa mai barin kujerar ta bayan fage. Farabiti kuwa sule ɗaya yake karɓa a rana, a ciki ma ake yanke kuɗin abincinsa. Ko da zai ɗaure cikinsa ya adana kowane sule, sai ya yi shekara kusan 25 kafin ya haɗa kuɗin matakin farko.

A cikin wannan rundunar Luke O'Connor ya shiga a 1849, yana farabiti, ba uwa ba uba, ba ko anini. Ya bar ta da muƙamin manjo-janar. Labarinsa ya cancanci a zauna a duba shi da kyau, domin sau da yawa ana kawo shi a matsayin shaidar cewa duk mai jarunta zai kai inda yake so. Idan aka bi shi daki-daki, abin da yake nunawa ya fi haka sarƙaƙiya: jaruntarsa gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ta buɗe masa ƙofa ba.

An haife shi a 1831 a wani ƙauye kusa da garin Elphin, a gundumar Roscommon ta yammacin Ayilan. A lokacin tsibirin gaba ɗaya yana ƙarƙashin Landan. Iyayensa manoma ne 'yan Katolika masu hayar gona, irin waɗanda ba su mallaki ko taki ɗaya na ƙasar da suke nomawa ba. Da kuɗin haya ya gagara, mai gona ya tashe su. A 1839 suka hau jirgin ruwa zuwa Arewacin Amurka. Uban ya rasu a kan teku. Uwar da jaririnta suka rasu da cutar kwalara a Grosse Île, tsibirin da ake killace baƙi a bakin shiga Quebec ta Kanada. Wasu daga cikin 'yan'uwansa suka zauna can, shi kuma aka komo da shi Ayilan wurin dangi.

Ya komo ke nan ba da daɗewa ba babbar yunwa ta faɗa wa ƙasar. Daga 1845 cuta ta riƙa cinye dankali, abincin da talaka ya dogara da shi kacokan. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kimanin miliyan ɗaya suka yi ƙaura, kuma Roscommon na cikin gundumomin da suka fi ji a jika. Saurayin da ya tashi a irin wannan hali, idan ya ga saje mai neman kurata a kasuwa, ba kishin Sarauniya ne ke fara zuwa masa a zuciya ba. Bariki na ba da abinci kullum, da takalmi, da wurin kwana. Shi ya sa tun a 1830 fiye da kashi 40 cikin ɗari na sojojin Birtaniya haifaffun Ayilan ne. O'Connor ya faɗa cikin Runduna ta 23, wadda ake kira Royal Welch Fusiliers, rundunar da suna kawai ya ɗaura ta da yankin Wales, domin 'yan Ayilan da Ingilawa cike suke a cikinta. Cikin 'yan shekaru ya zama saje. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa yaron na da kai da natsuwa, don ba a ba sakarai igiya uku.

Ranar Alma

A 1854 Birtaniya da Faransa suka shiga yaƙi suna mara wa Daular Usmaniyya ta Turkiyya baya a kan Rasha. Niyyarsu su karɓe Sevastopol, sansanin jiragen yaƙin Rasha a Kirimiya. Sun sauka gaɓa a tsakiyar Satumba, suka nausa kudu, sai suka tarar da kwamandan Rasha, Yarima Menshikov, ya ja daga a kan tuddan da ke bayan kogin Alma. A gefen da ya faɗo wa Ingilawa, Rashawa sun tara ƙasa sun yi 'yar ganuwa sun jera igwa a bayanta, bakunansu na kallon gangaren da dole a hawo ta kansa.

Ranar 20 ga Satumba aka gwabza. Rundunar O'Connor na cikin waɗanda aka tura gaba. Suka ratsa gonakin inabi, suka tsallaka kogin, wasu ruwa har ƙirji, sahu ya wargaje, sannan suka fara hawan tudu igwa na yi musu ruwan wuta.

Sai an san matsayin tuta a yaƙin wancan zamani kafin a gane abin da ya biyo baya. Kowace bataliya tuta biyu gare ta, ta Sarauniya da ta rundunar kanta, kowacce siliki ce mai faɗin kusan ƙafa 6 a kan doguwar sanda. Ba ado ba ce. Albarushin lokacin hayaƙi yake tayarwa mai kauri, ƙarar igwa ta hana a ji umarni, ba rediyo ba waya. Sojan da ya ruɗe, abin da zai ɗaga kai ya nema shi ne tuta. Idan ya gan ta a gaba, ya san ana ci gaba. Idan ta ɓace, zuciyarsa ta ba shi cewa an karye. Abokan gaba su ma sun san haka, don haka duk mai bindigar da ya iya saiti can yake auna. Al'ada kuma ta ɗora wannan kaya a kan hafsoshi mafiya ƙuruciya, a sa sajoji a gefensu su tsare su.

A ranar, ɗaya daga cikin tutocin na hannun Laftanar Henry Anstruther, yaro ɗan shekara 18. O'Connor na tafe tsakanin masu tutar biyu. Dab da ganuwar harsashi ya sami Anstruther, raunin da bai tashi ba. A daidai lokacin wani ya sami O'Connor a ƙirji, shi ma ya faɗi. Da ya dawo hayyacinsa sai ya miƙe, ya fizgi tutar daga ƙasa ya ci gaba da ita. Kyaftin Granville ya matsa masa ya miƙa wa wani ya koma baya a duba rauninsa. Ya ƙi. A hannunsa ta zauna har aka tashi daga yaƙin.

Kada a ɗauka shi ya ci yaƙin. Sahun farko sun hau ganuwar, amma ba su iya riƙe ta ba. Rashawa suka turo sabbin dakaru, aka yi ruɗani, har aka busa ƙahon janyewa ba tare da an tabbatar da wanda ya ba da umarni ba, sojoji suka gangaro a hargitse. Dakarun tsaron Sarauniya da 'yan tsaunukan Scotland na Colin Campbell ne suka zo suka ƙarasa aikin. Abin da O'Connor ya yi shi ne, a cikin wannan hargitsin, mutanen Runduna ta 23 ba su taɓa rasa inda za su taru ba. Ga bataliyar da aka kashe mata kwamanda, Kanar Chester, ta kuma yi asarar kusan mutum 200 tsakanin matattu da masu rauni, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A nan ne maganar farashi ta dawo. Tsarin sayen muƙami yana da kafa ɗaya: idan hafsa ya mutu a fagen fama, kujerarsa ba ta shiga kasuwa. Na ƙasa da shi yakan hau kyauta, a bi da bi har a sami gurbi a can ƙasa. Alma ta kashe hafsoshin Runduna ta 23 da yawa a yini ɗaya. Aka ba da sunan O'Connor, aka naɗa shi ƙaramin hafsa ba tare da ya biya ko sisi ba. Jaruntarsa ce ta sa aka zaɓe shi a cikin sajoji, amma mutuwar wasu ce ta samar da gurbin. Da zaman lafiya ake yi, da mai yiwuwa a saje ko samanja zai tsufa.

Shekara guda bayan haka, ranar 8 ga Satumba 1855, yana cikin waɗanda aka tura su afka wa Redan, ɗaya daga cikin ganuwoyin Sevastopol. Harin bai yi nasara ba. Ingilawa sun ratsa fili fetal, aka yi ta kakkaɓe su, aka koro su. O'Connor ya sha harsashi a cinyoyinsa biyu. Faransawa ne suka ci ganuwar Malakoff a ranar, abin da ya sa Rashawa suka bar birnin cikin dare. Janar ɗin da ya jagorance su, MacMahon, shi ma jikan 'yan Ayilan ne da suka yi gudun hijira zuwa Faransa, kuma daga baya ya zama shugaban ƙasar.

Lambar da ba ta tambayar muƙami

Kafin wannan yaƙi, Birtaniya ba ta da wata lambar jarunta da ta haɗa babba da ƙarami. Manyan hafsoshi na da tasu girmamawar, ƙaramin soja sai dai a ce ya yi ƙoƙari. Faransawan da suke kwana rami ɗaya da su kuwa suna da lambobin da farabiti ma kan samu. Abin da ya canja lissafi shi ne jarida. William Howard Russell na jaridar The Times, shi ma haifaffen Ayilan, ya riƙa aiko da rahoton yadda sojoji ke mutuwa da sanyi da kwalara da sakacin shugabanni. Yawancin sojojin Birtaniya da suka mutu a Kirimiya cuta ce ta kashe su, ba harsashi ba. Jama'a suka fusata da janar-janar, suka koma tausayin ƙananan soja, majalisa ta ɗauki zancen.

Ranar 29 ga Janairu 1856 Sarauniya Biktoriya ta sa hannu a kan takardar kafa lambar Victoria Cross. Sharaɗinta a fili yake: ba muƙami, ba daɗewa a aiki, ba rauni, jarunta a gaban abokan gaba ita kaɗai ake dubawa. Da gangan aka yi ta da tagulla ba da zinariya ba. Wanda ba hafsa ba kuma ana haɗa masa da fam 10 a shekara. Aka ce ta waiwaya baya ta haɗa da yaƙin da ake ciki tun daga 1854.

Wannan waiwayen ne ya ba O'Connor matsayinsa a tarihi. A cikin sojan ƙasa, aikinsa na Alma ake lissafawa a matsayin na farko da ya jawo lambar. Wanda ya riga shi sojan ruwa ne, Charles Lucas, wanda a watan Yuni 1854, a tekun Baltic, ya ɗauki bam yana hayaƙi daga kan jirgin Hecla ya wurga shi ruwa. Lucas ma ɗan Ayilan ne. Ranar 26 ga Yuni 1857 aka tara mutum 62 a dandalin Hyde Park da ke Landan, Sarauniya na kan doki tana maƙala musu lambar ɗaya bayan ɗaya, O'Connor na cikinsu.

Bai daɗe ba aka tura rundunarsa Indiya, inda sojojin ƙasar suka yi wa Kamfanin Gabashin Indiya bore. Ya yi yaƙi a Lucknow, kuma a 1858 ya zama kyaftin. Dubi saurin: daga saje zuwa kyaftin cikin shekara 4. Sai kuma yaƙi ya ƙare, mutuwa ta ja baya, kasuwa ta koma yadda take. Ya zauna a kyaftin fiye da shekara 10. A tsarin, duk lokacin da kujera ta fito ta saye, wanda ya fi daɗewa ake fara tayawa, idan ba shi da kuɗi a tsallake shi a ba na bayansa. Lambar da ke ƙirjin mutum ba ta rage masa ko fam ɗaya. Ga kuma tsadar zaman hafsa: kayan sarki da kuɗinka za ka ɗinka, teburin cin abincin hafsoshi da kuɗinka, albashin kuma an tsara shi ne bisa tunanin cewa kowa na da abin da gida ke aiko masa. Sajoji da dama da aka ba hafsa a Kirimiya ba su jure wannan ba. Wasu sun sayar da muƙamin sun fita, wasu sun koma aikin ajiyar kaya inda ba a sa ran su yi gogayya da 'ya'yan masu ƙasa. O'Connor ya dake.

A 1871 ministan yaƙi Edward Cardwell ya kawo ƙarshen sayen muƙami. Majalisar dattawa ta ƙi, firaminista Gladstone ya bi ta hannun Sarauniya aka soke shi da takardar sarauta. Bayan haka ne O'Connor ya zama manjo. Ba na jin wannan haɗuwa ce kawai ta lokaci.

Kumasi, da Hausawan da ke cikin tafiyar

A ƙarshen 1873 bataliya ta biyu ta rundunarsa na cikin bataliyoyin Turawa uku da aka aika wa Janar Garnet Wolseley domin yaƙar Asante, a Gana ta yau. Rigimar ta taso ne bayan Holan ta miƙa wa Birtaniya Elmina a 1872, garin da Asantehene, wato sarkin Asante, Kofi Karikari ke ganin yana da haƙƙi a kansa. O'Connor na cikin wannan tafiya. An gwabza a Amoaful ranar 31 ga Janairu 1874, aka shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, aka kwashe kayan fada, aka tarwatsa ta, aka cinna wa garin wuta, sannan aka ɗora wa Asante tarar zinariya oza 50,000. Wasu daga cikin kayan da aka kwashe sai a 2024 suka komo Kumasi, da yawansu ma a matsayin aro.

A wannan yaƙin akwai Hausawa a sahun Birtaniya. Wani hafsan Birtaniya, John Glover, ya fara tara su a Legas tun 1863, da yawansu bayi ne da suka gudo, kuma daga wannan ƙungiya sojan Nijeriya na yau ke lissafa asalinsa. Su ne suka riƙe ƙananan igwa a ƙarƙashin Kyaftin Rait, su ne kuma ƙashin bayan rundunar da Glover ya biyo da ita ta wajen kogin Volta. Cikin Victoria Cross 4 da aka bayar a yaƙin, ɗaya ta tafi ga wani hafsa Bature, Reginald Sartorius, domin ranar 17 ga Janairu 1874 ya ɗauko wani samanja Bahaushe daga tsakiyar wuta a Abogu. Takardar gwamnati ta rubuta sunan samanjan Braimah Doctor, ta kuma ce raunin na mutuwa ne. Sartorius ya yi abin yabo, ba musu. Amma samanjan da ya kutsa har inda wuta ta fi zafi, sunansa ya shiga tarihi ne kawai saboda Bature ya ɗauke shi. Lambar da aka ce ba ta duba muƙami ta daɗe tana duba wasu abubuwan. Sojojin Indiya ba su sami damar karɓarta ba sai 1911, kuma har aka gama mulkin mallaka babu sojan Nijeriya ko na Gana ko ɗaya da ya same ta, duk da yaƙin Kamaru da na Gabashin Afirka da na Bama.

Wannan ne ɓangaren da masu yabon O'Connor suka fi son wucewa da sauri. Yaron da mai gona ya kori iyayensa daga gida, ya girma ya zama hafsa a rundunar da ta murƙushe Lucknow ta ƙone Kumasi. Ba na ganin adalci ne a kira shi maci amana. Bai shiga soja da zaɓi mai yawa a gabansa ba, kuma dubban 'yan ƙasarsa hanyar da suka bi ke nan, kamar dai su Braimah da suka tsere wa bauta suka faɗa bariki. Daular ta ƙware wajen ɗaukar waɗanda ta talauta, ko waɗanda ta tarar a wulaƙance, ta ba su abinci da bindiga ta tura su kan wasu. Sai dai rashin zaɓi a shekara 18 ba ya wanke duk abin da mutum ya yi yana manjo a shekara 43.

Ya ci gaba da hawa, har ya riƙe bataliya ta biyu ta rundunar da ya shiga yana farabiti. A zamaninsa ne ma aka daina shiga yaƙi da tuta. Bindigogi sun yi saiti da nisan da ɗaukar tuta ya zama hukuncin kisa kawai, kuma karo na ƙarshe da wata bataliyar Birtaniya ta yi hakan shi ne a Laing's Nek, a yaƙi da Boer, Turawan Afirka ta Kudu, a Janairun 1881. Ya yi ritaya a 1887 da muƙamin girmamawa na manjo-janar. A 1913 aka ba shi sarautar da ta sa ake kiransa Sir Luke, a 1914 kuma aka naɗa shi kanar na girmamawa na Royal Welch Fusiliers, wato uban rundunar baki ɗaya.

Irinsa a ƙarni na 19 ba su cika yatsun hannu ba. William McBean ɗan Scotland, wanda ya sami tasa lambar a Lucknow, shi ma daga ƙasa ya taso ya kai manjo-janar. Soke sayen muƙami bai cika teburin hafsoshi da 'ya'yan manoma ba, domin tsadar zaman da makarantun da ake ɗauko hafsoshi daga cikinsu suna nan yadda suke. Sai da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riƙa cinye ƙananan hafsoshi dubu-dubu sannan aka buɗe ƙofa sosai ga sajoji, bisa dalilin da ya buɗe wa O'Connor ita a Alma.

Ya rasu a Landan ranar 1 ga Fabrairu 1915, aka binne shi a maƙabartar Katolika ta St Mary's da ke Kensal Green. A ranar ce kuma, a Cuinchy ta arewacin Faransa, wani ƙaramin kofur ɗan gundumar Cork mai suna Michael O'Leary ya afka wa shingayen Jamusawa biyu shi kaɗai, ya kashe 8 ya kama 2, ya sami tasa Victoria Cross. Hukuma ta buga hotonsa a takardun neman kurata ta manna a faɗin Ayilan. Amma ƙasar ta riga ta fara juyawa. A Ista ta 1916 aka yi bore a Dublin, a 1922 kudancin tsibirin ya sami gwamnatin kansa, aka rushe rundunonin Birtaniya biyar da ke ɗaukar kurata daga can. Shekaru da dama bayan haka, hidimar da ɗan Ayilan ya yi wa Sarauniya ba abin da ake ɗaga murya a kansa ba ne a Dublin ko a Roscommon. Lambobin O'Connor suna gidan tarihin Royal Welch Fusiliers da ke cikin ganuwar Caernarfon, a Wales.